'Yata tana nazare kuma ba a ba ta aikin gida: me ya kamata in yi mata?

Tambaya: 'Yata shekararta huɗu, tana makarantar nazare. Kullum takan dawo da yashi a kaya da takardun zane, amma ba a taɓa ba ta aikin gida ba, alhali sa'o'inta a wasu makarantu suna rubuta ɗaya zuwa ɗari. Makarantar kuma kullum cewa take iyaye su sa hannu a karatun yara, ni kuwa ina aiki har yamma, mahaifinta ma bai yi nisa a karatu ba. In canza mata makaranta ne? In kuma zan bar ta, wane irin sa hannu ake nufi?

Amsa: 'Yar'uwa, na gode da wannan tambaya, Allah ya raya yarinyar nan ya yi mata albarka. Na shafe shekaru ina koyar da ƙananan yara, daga baya kuma ina horar da malaman da ke koyar da su, kuma da wuya zangon karatu ya wuce ban ji wata uwa ta kawo mini irin wannan damuwa ba. Shawarata ita ce kada ki cire ta don kawai ba a ba ta aikin gida, kuma kada ki ɗauka cewa makarantar tana so ki zama malama ta biyu ne bayan kin dawo daga aiki a gajiye. Sa hannun da ya fi amfani ga yarinya mai shekara huɗu yana cikin hidimar da kike yi da ita kullum, sai kuma zumuncin da za ki ƙulla da malamarta.

Ki fara da lissafin lokaci. Idan tana barcin awa 11 a rana, to tana farke awa 91 ke nan a mako. Idan kuma tana yin awa huɗu a makaranta har kwana biyar, makaranta ta samu awa 20 kacal, wato bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ragowar duka a hannunku take, ke da mahaifinta da duk wanda ke kula da ita idan ba kwa nan, kuma yaro ba ya ajiye koyo a ƙofar aji ya ce sai gobe. Abin da ake faɗa mata lokacin wanka, da amsar da take samu idan ta yi tambaya a hanya, duk suna shiga inda darasin malama yake shiga.

Game da yaran da ke rubuta ɗaya zuwa ɗari, akwai bambanci babba tsakanin haddace jerin lambobi da sanin ma'anar adadi. Ki gwada wannan da kanki: ki ajiye cokula biyar a gabanta ki ce ta ƙirga, idan ta gama ki tambaye ta nawa ne. Yaro da yawa zai sake ƙirgawa daga farko, domin bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe da ya ambata ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Wani zai taɓa cokali ɗaya sau biyu, wani zai tsallake guda, wani kuma idan kika baza cokulan nesa da juna zai ce sun ƙaru. Na sha ganin yaron da ke rera lambobi har ɗari ba tuntuɓe, amma aka ce ya kawo fensir shida ya kwaso duk abin da hannunsa ya iya ɗauka. Wannan fahimtar ita ce ginshiƙin lissafin da za ta yi a firamare, kuma da kayan da ake taɓawa ake samun ta, ana rabawa, ana tarawa, ana cika gwangwani da yashi ana juyewa a wani a ga wanne ya fi ci. Rubutu ma haka yake, domin 'yan yatsun mai shekara huɗu ba su gama ƙwari ba, kuma mulmula yumɓu da yanka takarda da almakashi da ɓalla maɓallin riga su ne suke shirya hannu ya riƙe fensir ba tare da wahala ba. Yashin da kike wankewa a kayanta, idan makarantar ta san abin da take yi, shaidar aiki ce.

Wannan ra'ayi ya daɗe. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan lambun yara a 1840, a kan wasa da waƙa da kayan gini na katako ya kafa ta. Maria Montessori, wadda likita ce, ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, kuma cikin darussanta akwai shara da zuba ruwa da sa tufafi, domin ta lura cewa yaro yana koyon natsuwa da tsari ne ta hanyar aikin gaske. Abin da wasa da sauran yara yake koyarwa kuma, wanda littafin rubutu ba zai koyar ba, shi ne jira har a zo kanka, da haƙuri idan gini ya rushe, da neman abu da baki maimakon ƙwace. Malaman aji ɗaya na firamare sun fi kuka da yaron da ba ya iya sauraro ko bin umarni biyu a jere a kan yaron da bai iya rubuta harafi ba, domin harafi ana koya shi cikin 'yan makonni.

Yanzu ga batun gida, kuma a nan nake so ki kwantar da hankalinki game da karatun mahaifinta. A Ingila an fara wani dogon bincike a 1997, inda aka bi yara kusan 3,000 tun suna shekara uku har suka girma. Masu binciken sun duba irin makarantar da yaran suka yi, sun kuma tambayi iyaye abin da suke yi da su a gida, kamar karanta musu littafi, da koya musu waƙoƙi, da wasa da haruffa da lambobi, da zane. Sun samu cewa waɗannan ayyuka sun fi sana'ar iyaye ko zurfin karatunsu tasiri a kan ci gaban yaro a farkon karatunsa. Uban da bai yi nisa a makaranta ba amma yana zama da 'yarsa yana ba ta labari yana amsa tambayoyinta ya ba ta abin da mai digirin da ba ya kula ta bai ba tasa ba.

Babban abin da ke cikin duk waɗannan ayyuka shi ne hira. A 1995 wasu masu bincike biyu a Amurka, Betty Hart da Todd Risley, sun fitar da sakamakon ziyarar da suka riƙa kai wa iyalai 42, suna naɗar maganar da ake yi wa yara, kuma suka nuna cewa akwai tazara mai yawa tsakanin gida da gida wajen yawan kalmomin da yaro yake ji. An yi ta jayayya daga baya a kan girman wannan tazara, kuma iyalai 42 ba su da yawa, amma aikin ya jawo hankali ga abin da aka daɗe ana rainawa. A 2018 kuma wani bincike da aka yi a kan yara 36 masu shekara huɗu zuwa shida, wanda aka haɗa da ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa abin da ya fi alaƙa da ƙwarewar harshe shi ne yawan karɓa-karɓar magana tsakanin babba da yaro, wato ke ki faɗa ita ta amsa, ita ta faɗa ke ki ɗora. Saboda haka ne rediyo ko talabijin da ke ta zuba a ɗaki ba za su maye gurbinki ba, domin ba sa jiran amsarta.

A aikace, abin bai wuce ki canza yadda kike magana a cikin ayyukan da dama za ki yi ba. Idan kina ninke wanki, ki ba ta safa ta haɗa kowace da 'yar'uwarta, ki tambaye ta yadda ta gane cewa waɗannan biyun tare suke. Idan ta ce launinsu ɗaya, ki ce gaskiya ne, kuma duba, tsawonsu ma ɗaya. Wannan rarrabewa da kwatantawa tushen lissafi da kimiyya ne, ko da yake ba wanda zai kira shi darasi. Idan za a zauna cin abinci, ki ce ta kawo wa kowa faranti ɗaya, ta ƙirga mutanen gidan tukuna. Idan kuna tafiya ta tambayi dalilin da ya sa inuwarta take bin ta, ki fara da tambayarta abin da take zato, ki saurari amsar har ƙarshe ko da ba daidai ba ce, sannan ki nuna mata inda rana take. Tambayar da amsarta i ko a'a ce takan kashe hira da wuri. "Me kika koya yau?" ma yawanci ba ta samun amsa, domin yarinya ba ta san sunan abin da ta koya ba, amma idan kika ce "Da wa kika yi wasa?" ko "Wane labari malama ta ba ku, me ya faru da farko?" za ki ji magana har ki gaji. Ki yi wannan hira da harshen da kika fi iyawa, wanda kike iya yin barkwanci da bayani mai zurfi a cikinsa, ko da ba shi ne harshen da ake koyarwa da shi a makaranta ba, domin yaron da ya ƙware wajen tunani da ba da labari a harshen gida yana ɗaukar wannan ƙwarewa ya shiga da ita harshe na biyu.

Littafi mai hotuna yana da nasa matsayi, kuma minti goma kafin barci sun isa. Tun 1988 masanin halayyar yara Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka nuna cewa yara sun fi samun kalmomi idan babba ya mayar da karatun hira, yana nuna hoto yana tambaya, yana barin yaro ya zama mai ba da labarin. Wannan hanya ba ta buƙatar mai karatu ƙwararre, saboda haka mahaifinta ko kakarta za su iya yi daga hotuna kawai. Idan ta nace sai an maimaita littafi ɗaya kwana goma a jere, ki maimaita mata, domin a karo na goma ne za ki ji ta riga ki faɗin abin da ke shafi na gaba, tana kuma bin rubutun da yatsa.

Akwai ayyuka biyu da nake yawan ambata wa malaman da nake horarwa, saboda dukansu sun nuna abin da ke faruwa idan aka haɗa ƙwararre da gida. Na farko shi ne shirin makarantar Perry a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, daga 1962 zuwa 1967, wanda ya ƙunshi yara 123 daga gidajen talakawa, aka sa 58 a cikin shirin aka bar sauran don kwatantawa. Yaran suna yin awa biyu da rabi a aji kowace safiya, sannan malamai suna zuwa gidajensu sau ɗaya a mako su yi awa ɗaya da rabi tare da uwa da yaro. Fifikon da yaran suka samu a gwajin basira ya dusashe bayan 'yan shekaru, amma da aka bibiye su har suka kai shekara 40, an samu cewa sun fi takwarorinsu kammala sakandare da samun kuɗin shiga, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya karɓi lambar Nobel a 2000, ya danganta yawancin wannan da halayen da suka samu, irin su kamun kai da juriya. Na biyu a birnin Kingston na Jamaika aka yi shi, daga 1986, da yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartar wasu daga cikin gidajen kowane mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Yaran da ke cikin ayyukan biyu ba su da yawa, kuma suna cikin matsanancin hali, saboda haka ba na cewa kowane yaro zai samu daidai wannan riba. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne cewa a wuraren biyu an ɗauki uwa da muhimmanci, an je inda take, an nuna mata abin da za ta ci gaba da yi bayan baƙo ya tafi.

Wannan ya kawo mu ga makarantar 'yarki. Ke kin san yarinyar tun ranar da aka haife ta, malama kuma ta san yara masu shekara huɗu da yawa, kuma kowaccenku tana da abin da ɗayar ba ta da shi. Ki gaya mata idan yarinyar ba ta yi barci sosai ba, ko an yi mata ƙane, ko wani na kusa ba shi da lafiya, ko tana tsoron wani abu, domin irin wannan labarin yana canza yadda malama za ta fassara kuka ko faɗa ko shirun da ta gani a aji. Ke kuma ki tambaye ta abu takamaimai. Idan kika ce "Yaya take?" za a ce miki lafiya lau, amma idan kika tambayi wasan da ta fi daɗewa a kai, da wanda take gudu, da waƙar da ake koya musu a makon, za ki koma gida da abin da za ki ɗora a kai. Minti uku a bakin ƙofa sau ɗaya a mako, ko saƙon waya idan wani ne yake kai ta, sun fi taron shekara-shekara amfani, ko da yake taron ma yana da kyau idan kin samu hali.

Dole in faɗi gaskiya game da ɓangarenmu na malamai. A farkon aikina na ɗauka cewa iyayen da ba sa zuwa taro ba su damu ba ne, har sai da na yi magana da wani uba da ban taɓa gani a makaranta ba, na tarar ya san sunan kowane abokin ɗansa da kowace waƙar da muka koyar, domin kullum da dare sai yaron ya rera masa. Taronmu ne muke sawa da ƙarfe goma na safe a ranar aiki, sannan mu zargi wanda bai zo ba. Makarantar da take neman iyaye su sa hannu, wajibinta ne ta sauƙaƙa hanyar, ta sa taro a lokacin da ma'aikata za su iya zuwa, ta riƙa aiko da labarin abin kirki da yaro ya yi, kada iyaye su saba da cewa ba a kiransu sai don kuɗi ko laifi. Kina da haƙƙin ki nemi wannan cikin ladabi, kuma ya fi ƙarfi idan kun haɗu da wasu iyayen ta ƙungiyar iyaye da malamai, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu daga cikin makarantun ƙananan yara da suka fi shahara a duniya ma iyaye ne suka fara su. A 1945, da aka gama yaƙin duniya na biyu, mutanen ƙauyen Villa Cella kusa da Reggio Emilia a Italiya sun sayar da tankar yaƙi da dawakai da motocin da sojojin Jamus suka bari, suka kwaso tubalan gidajen da bama-bamai suka rushe, suka gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya je ya gani ya zauna tare da su, kuma a 1963 hukumar birnin ta buɗe makarantarta ta farko a kan wannan tafarki, inda iyaye suke da murya a tafiyar da makaranta. Shirin Head Start na Amurka, na karatun ƙananan yara daga gidajen talakawa, wanda aka fara a 1965, shi ma ya tanadi majalisar da iyaye suke zama a ciki ana yanke shawara da su. Ba kowa ne zai zauna a majalisa ba, amma uba mai sana'ar hannu zai iya zuwa sau ɗaya a shekara ya nuna wa yara kayan aikinsa, kaka za ta iya zuwa ta yi musu tatsuniya, ke kuma za ki iya tara musu kwalaye da marafan kwalba da guntayen yadi, waɗanda malamar nazare ba ta taɓa ƙoshi da su.

Akwai sa hannun da ba ya kama da karatu amma malama tana ganin tasirinsa tun da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a rana har da na rana, da motsa jiki na aƙalla minti 180 wanda 60 daga ciki na guje-guje ne da tsalle, kuma kada zaman kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. Idan kika tsayar mata da lokacin kwanciya, kika kuma gaya wa mai kula da ita da rana cewa kada a miƙa mata waya duk lokacin da ta yi rigima, kin yi wa karatunta aikin da shafi ashirin na rubutu ba zai yi ba.

Duk wannan ba ya nufin ki rufe ido ga makarantar. Wasa mai amfani yana da malama a kusa, tana durƙusawa daidai tsayin yara, tana tambaya, tana ƙara kalma, tana lura da wanda aka ware. Idan kika je kika tarar an saki yara su kaɗai malama tana can tana latsa waya, ko ana dukansu, ko ana tsorata su, ko babba ɗaya ne da yaran da ba zai iya sanin halin kowannensu ba, to wannan dalilin canza makaranta ne, kuma ya fi rashin aikin gida nauyi nesa ba kusa ba. Haka nan ki lura da ita kanta yarinyar. A shekara huɗu ya kamata baƙo ya fahimci mafi yawan maganarta, tana haɗa jimloli, tana iya ba da ɗan labarin abin da ya faru. Idan ba ta juyowa sa'ad da aka kira ta daga baya, ko tana yawan ciwon kunne, ko ta daina yin abin da a da ta iya, kada ki jira a ce za ta yi idan ta girma. Ki kai ta asibiti a duba jinta da ganinta, ki kuma nemi malama ta rubuta miki abin da ta lura da shi a aji don ki nuna wa likita.

Idan kin samu safiya ɗaya da za ki iya makara a wurin aiki, ki roƙi shugabar makarantar ta bar ki ki zauna a gefen aji na rabin awa. Ki dubi abin da 'yarki take yi da yashin nan, ki saurari abin da malama take ce mata a lokacin, kuma kafin ki fita ki tambayi malamar abu ɗaya da take so ku riƙa yi a gida a wannan watan.